Ina Zafin Yake Zuwa? Amsa ga Wani Malamin Kimiyya daga Daura

Wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a Daura ya aiko mini da tambaya, kuma na ga ya dace in amsa masa a fili, domin na san ba shi kaɗai take damu ba. Ya ce ya ji labarin cewa a Faransa an riƙe iskar nan mai tsananin zafi da ake kira filasma har tsawon minti 22 a cikin injin gwajin haɗe ƙwayoyin zarra domin samar da makamashi, da ya kai labarin aji sai ɗalibansa suka tsare shi da tambayoyi biyu: idan abin da ke cikin injin ya kai miliyoyin digiri, ina zafin yake zuwa da ƙarfen bai narke ba, kuma tun da an iya minti 22, me ya hana a bar injin yana aiki dare da rana?

Malam, Allah ya ƙara basira, kai da yaran naka. Sun sa yatsa daidai inda ke yi wa masu wannan aiki ƙaiƙayi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawan zafin ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar ita ce zafin yana taruwa ya sauka a wuri guda ɗan siriri, kuma yana daɗewa yana sauka a wurin.

Sai mu fara raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa, wato ma'aunin zafi da kuma yawan zafin da abu ke ɗauke da shi. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san tartsatsin da ke tashi idan ana dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Zafinsa ya fi na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, amma yakan faɗo a hannun mutum ya mutu bai bar tabo ba, alhali kofi ɗaya na tafasasshen ruwa sai ya saɓule fata. Tartsatsi ba shi da nauyi, saboda haka abin da yake ɗauke da shi kaɗan ne. Haka filasma take. A babban injin ITER da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, ana nufin kai ta digiri miliyan 150, ninki goma na tsakiyar rana, amma ta fi iskar da muke shaƙa rashin kauri sau dubu ɗaruruwa. Ban da haka, ba a barin ta ta jingina da bango. Ƙarfin maganaɗisu ne ke riƙe ta a tsakiyar wani ɗaki mai siffar zobe, kamar gammo, kuma injin da ke da wannan tsari shi ake kira tokamak.

To, amma riƙon maganaɗisu riƙon kwando ne, ba na tulu ba. Kullum akwai yoyo, kuma dole ma a samu yoyon, domin duk zafin da ya shiga ko aka haifa a ciki sai ya fita, in ba haka ba ma'aunin ya yi ta hawa ba iyaka. Ga lissafin yadda yake a ITER. An tsara shi ya ba da megawat 500 daga haɗewar nau'o'i biyu na haidurojin masu nauyi, diyutiriyam da tiritiyam, bayan an zuba masa megawat 50 na ɗumamawa daga waje. Kashi huɗu cikin biyar na abin da haɗewar ke bayarwa, wato megawat 400, yana fita ne tare da ƙwayoyin niyutiron, waɗanda maganaɗisu ba ya iya riƙe su, sai su bazu ko'ina su nutse cikin bargon ƙarfe mai kauri da aka lulluɓe ɗakin da shi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in mita 600. Wannan kaso, duk da shi ne mafi yawa, ba shi ne abin fargaba ta fuskar zafi ba, tun da ya bazu kuma ya shiga ciki da zurfi. Shi ne ma ake fata wata rana zai tafasa ruwa ya juya injin lantarki. Sauran megawat 100 suna zama a cikin filasma tare da ƙwayoyin hiliyam da haɗewar ta haifa. Ka haɗa su da 50 ɗin da aka zuba, ka ga an sami megawat 150 da ke neman hanyar fita. Wani kaso yana fita a matsayin haske, amma kimanin megawat 100 yana tsallake iyakar maganaɗisu ya faɗo gefen filasma. Da wannan ake fama.

A nan nake so ka tuna da soron ƙasa a tsakiyar damina. Ruwan da ya sauka a kan rufin gaba ɗaya ba ya cutar da rufin, domin kowane taku ɗigo kaɗan ya samu. Amma duk ruwan nan yana gangarowa ya bi ta indararo guda, kuma wurin da indararon ke zuba, in ba a sa dutse ba, kafin damina ta fita ya zama rami, har ya fara cin gindin katanga. Abin da ke faruwa a gefen filasma ke nan. Ƙwayar da ta tsallake iyaka tana gudu a kan layin maganaɗisu da saurin da ya fi na ƙetare layin sau ba adadi, saboda haka kafin zafin ya sami damar bazuwa ta gefe, ya riga ya isa inda layin ya ƙare. A shekarar 2013 aka fitar da wani nazari da ya tattara awo daga injuna da dama na Turai da Amurka, wanda Tomas Aik ya jagoranta, ya nuna cewa faɗin wannan magudana yana ƙara tsukewa idan ƙarfin maganaɗisu ya ƙaru, kuma girman inji ba ya faɗaɗa shi. Da aka miƙa lissafin zuwa ITER, sai aka sami kimanin milimita ɗaya. Inji mai kewayen kusan mita 40, amma zafinsa na bin zirin da bai fi kaurin farce ba.

Saboda haka ake gina wa injin wurin zubar indararo na musamman a ƙasan ɗakin. Masu aikin suna kiransa daibata, ma'ana makarkata, domin ana lanƙwasa layukan maganaɗisu na gefe a karkatar da su nesa da tsakiyar filasma su sauka a kan faranti da aka tanada. Tunanin ya samo asali ne daga Laiman Sifiza na Jami'ar Firinston a Amurka tun farkon shekarun 1950. Aikinta biyu ne: ɗaukar zafi, da kuma kwashe toka. Tokar wannan murhu ita ce hiliyam, kuma kamar kowane murhu, in ba a kwashe tokar ba sai ta shaƙe wutar, shi ya sa ake sa famfunan zuƙa a ƙarƙashin daibata. Ta ITER an yi ta ne gunduwa 54, kowace da nauyin tan da dama, yadda mutum-mutumi zai iya zare wadda ta lalace a sa sabuwa ba tare da ɗan Adam ya shiga ba.

An tsara farantan nan su jure megawat 10 a kowane murabba'in mita a tsawon aiki, da megawat 20 na ɗan taƙaitaccen lokaci. Domin yara su ji nauyin lambar, ka ce musu ranar tsakar Afrilu da ke hana mu taka yashi ba takalmi tana sauke kimanin kilowat ɗaya ne kacal a kan murabba'in mita, wato wannan ya ninka ta sau dubu goma. Ko kuma ka ce musu tashar lantarki ta iska da ke Lambar Rimi, nan jihar Katsina, megawat 10 aka tsara ta bayar da dukkan fankokinta. To, a tattara wannan duka a sauke shi a kan wurin da bai kai tabarma ɗaya ba.

Dutsen da aka zaɓa a sa a bakin wannan indararo shi ne tangistin, ƙarfen nan da ake yin siririn zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi, wanda ba ya narkewa sai a digiri 3,422, sama da kowane ƙarfe. Da can garafait ake sawa, wato dangin gawayi, kuma yana da kirki ƙwarai, domin ba ya narkewa kuma ɓurɓushinsa ba ya kashe filasma da sauri. Aibinsa shi ne yana shan tiritiyam yana ɓoyewa a cikin ƙurar da yake tarawa, ga shi tiritiyam abu ne mai tsada, mai fitar da tururin nukiliya, wanda doka ta ƙayyade yawan da za a bari a cikin inji. Da injin JET na Kulham a Ingila ya cire bangon garafait a 2011 ya sa na beriliyam da tangistin, yawan man injin, wato iskar haidurojin, da bango ke riƙewa ya ragu sau goma ko fiye. Sai dai tangistin ma yana da nasa hali. Ƙwayarsa mai nauyi ce, lambarta 74 a jadawalin sinadarai, kuma idan 'yan kaɗan suka kuɓuce suka shiga tsakiyar filasma, sai su yi ta zubar da zafinta a matsayin haske har ta huce. Ko ƙwaya ɗaya cikin dubu goma ta isa ta hana wutar kamawa. Kuma tun kafin ya narke, idan ya daɗe sama da digiri dubu da 'yan ɗaruruwa, tsarin cikinsa yana sauyawa ya zama mai saurin tsagewa.

Yanzu mun iso tambaya ta biyu, batun tsawon lokaci, kuma a nan ne nake ganin labaran da ake yaɗawa suka fi barin mutane a duhu. Akwai hanya biyu ta jure zafi. Ta farko ita ce ka zama mai kauri ka shanye. Uwar maƙera tana iya karɓar jan ƙarfe na ɗan lokaci ba ta damu ba, saboda nauyinta yana shanye zafin, daga baya ta huce a hankali. Yawancin injunan gwaji na da haka suke aiki: a kunna na daƙiƙa biyar ko goma, bango ya shanye, a kashe a jira ya huce. JET, wanda ya kafa tarihin samar da makamashin da jimillarsa ta kai megajul 69 a watan Oktoba na 2023 kafin a rufe shi a ƙarshen shekarar, daƙiƙa biyar da 'yan kai ya yi, domin naɗin maganaɗisunsa na jan ƙarfe da bangonsa ba su iya wuce haka da wannan ƙarfi. Hanya ta biyu ita ce a riƙa kwashe zafin daidai da saurin da yake shigowa, kamar lagireton mota a kan hanyar Katsina zuwa Kano. Da zarar aiki ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, kauri ba ya ceto, sai ruwa.

Yadda ake yi shi ne a yanka tangistin ƙanana-ƙanana, kowane ɗan dunƙule da rami a tsakiya, a jera su a jikin bututun jan ƙarfe da aka gauraya da kuromiyam da zakoniyam kamar yadda ake jera carbi a zare, sa'an nan a tura ruwa mai matsi ta cikin bututun da gudu. Daibatar ITER za ta ɗauki irin waɗannan dunƙulen kimanin 300,000. Tsakanin fuskar da ta haura digiri dubu da ruwan da ke shiga da digiri 70, milimita kaɗan ne. Tangistin da jan ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan sun ji zafi, saboda haka kowace kunnawa da kashewa tana jan mahaɗarsu tana saki. Akwai kuma haɗarin da kowace mai tuyar waina ta san kamarsa: idan tanda ta yi zafi ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya jiƙa ta, sai ya yi ta rawa a kan tururinsa. Idan haka ta faru a cikin bututu, tururi ya shiga tsakanin ruwa da ƙarfe, sanyayawa ta yanke nan take, bututun ya ƙone. Shi ya sa ake cusa murɗaɗɗen zirin ƙarfe a cikin bututun domin ruwan ya riƙa juyawa yana goge bango. Ga kuma batun jeri: dunƙule ɗaya da ya ɗara maƙwabcinsa tsayi da abin da bai kai rabin milimita ba, gefensa zai tari zafin gaba da gaba, shi zai fara tsagewa ko narkewa.

Dogon aiki yana kuma tono matsalolin da gajeren aiki ke rufewa. Wani ƙusa ko murfin na'urar awo da ke can lungu, wanda haske kawai ke taɓawa, a daƙiƙa goma ba ya ko ɗumi, amma a minti goma ya yi ja. Bango da farko yana shan iskar mai kamar sabuwar randa, bayan mintoci ya ƙoshi ya fara amayar da ita, yawan filasma ya kuɓuce daga hannun masu tuƙi. Ƙurar da ta taru a wuri ɗaya tana yin ɓawo, ɓawon ya ɓantare ya faɗa ciki ya kashe filasma. Domin gano irin waɗannan ne aka mayar da tsohon injin Tore Supra na Kadarash, wanda ya yi minti shida da rabi a 2003, ya zama WEST, injin nan na minti 22, aka sa masa daibatar tangistin irin ta ITER, da kyamarorin ganin zafi da ke sa ido a kan bango suna rage wuta da kansu idan wani wuri ya wuce iyaka.

Duk da haka, ƙarfe da ruwa kaɗai ba za su iya ba. Ko an kwantar da farantin yadda zafin zai sauka a karkace, an kuma buɗe layukan maganaɗisu kamar bakin tsintsiya kafin su iso, abin da zai sauka a kowane murabba'in mita a ITER ya ninka megawat 10 sau da yawa. Dabarar da aka dogara da ita, wadda ni a ganina ita ce mafi kyawun tunani a wannan fanni, ita ce a hana ruwan indararo isowa ƙasa a dunƙule, a mayar da shi feshi tun yana sama. Ana hura 'yar iskar naitirojin ko niyon ko agon a cikin daibata. Ƙwayoyin nan suna karɓar zafin daga filasma su sake shi a matsayin haske, shi kuwa haske bai san layin maganaɗisu ba, yana bazuwa ta kowace fuska a kan bango mai faɗi. Filasmar da ke dab da farantin sai ta huce daga miliyoyi zuwa kimanin digiri dubu goma, ta fara komawa iska ta yau da kullum, har a sami matashin iska tsakanin wutar da ƙarfen. Masu aikin suna cewa filasma ta saki faranti.

Wahalar ita ce riƙe wannan hali. Idan iskar ta yi kaɗan, wutar ta koma ta manne da farantin. Idan ta yi yawa, sanyin ya hau sama ya shiga tsakiya, filasma ta rushe gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ta zubar da duk abin da take ɗauke da shi a kan bango. Aiki ne irin na mai zuga a maƙera, wanda idonsa ke kan launin garwashi hannunsa na kan zugazugi, sai dai a nan kwamfuta ce ke gyara hurin sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Riƙe shi na daƙiƙa goma an iya a injuna da dama. Riƙe shi na awa da awanni a injin da ke ƙona tiritiyam da gaske, wannan yana gaba.

Akwai kuma ɓarin da gefen filasma ke yi lokaci-lokaci. Tun 1982, da Firidirik Wagna ya gano a injin ASDEX na Jamus cewa filasma tana iya shiga wani yanayi da riƙonta ke ninkuwa, aka ga cewa yanayin yana zuwa da aman zafi a kai a kai, kamar tukunyar da ke ɗaga murfi. A ƙaramin inji ana jurewa, a babba kuwa kowane amai zai iya narka fuskar tangistin, saboda haka ake sa ƙananan naɗin maganaɗisu da ke ɗan hargitsa gefen, ko a riƙa harba ƙanƙarar mai domin aman ya zo ƙanana da yawa maimakon babba guda. Wasu kuma suna sauya siffar daibatar kanta. A 2021 injin MAST Upgrade na Ingila ya nuna cewa idan aka ja ƙafar maganaɗisu, wato layukan da ke gangarowa zuwa faranti, ta yi tsawo ta sauka can waje inda kewaye ya fi faɗi, zafin da ke kan faranti yana raguwa kimanin sau goma. Italiya tana gina injin DTT a Firaskati musamman don gwada irin waɗannan siffofi, wasu kuma na gwada fuskar narkakken litiyam ko kuza, bisa hujjar cewa abin da ya riga ya narke ba ya tsagewa.

Da wannan sai mu koma kan minti 22. A ranar 12 ga Fabrairu, 2025, WEST ya riƙe filasma daƙiƙa 1,337, ya wuce daƙiƙa 1,066 da injin EAST na Hefei a ƙasar Sin ya yi a watan Janairun shekarar. Aiki ne babba, kuma ba na so kowa ya rena shi, domin ya tabbatar da cewa bangon tangistin mai ruwa a ciki yana iya zama cikin daidaito tsawon wannan lokaci. Amma an yi shi ne da ɗumamawar megawat 2, da haidurojin zalla, ba tare da haɗewar da ke ba da makamashi ba. Injin Wendelstein 7-X na Jamus, wanda tsarinsa daban ne, murɗaɗɗen maganaɗisu gare shi kuma ba ya bukatar lantarki ya gudana a cikin filasma kamar tokamak, ya yi minti takwas a 2023 ya sarrafa gigajul 1.3, wato megajul 1,300, kuma burinsa minti 30. KSTAR na Koriya ta Kudu, bayan an sa masa daibatar tangistin, ya riƙe digiri miliyan 100 na daƙiƙa 48. Ka ga ke nan masu dogon lokaci ƙarfinsu kaɗan ne, masu ƙarfi kuma lokacinsu gajere ne, kuma ITER kansa, a cikakken ƙarfinsa, daƙiƙa ɗari uku zuwa ɗari biyar aka tsara masa, bisa jadawalin 2024 kuwa ba zai fara ƙona tiritiyam ba sai 2039. Shawarata ita ce duk lokacin da kuka ji sabon tarihi, ka koya wa yara su tambayi abu uku tare: minti nawa, megawat nawa aka zuba, kuma nawa ne ya sauka a kan kowane murabba'in mita na faranti. Tashar lantarki ta gaske za ta bukaci dukkan ukun a lokaci guda, ga kuma ruwan niyutiron da zai yi shekaru yana gurgunta jan ƙarfen bututun yana rage wa tangistin iya wuce da zafi.

Idan kana so su gani da idonsu, gwaji biyu sun isa, kuma kayansu suna nan kasuwar Daura. Ka fita da su tsakar rana da gilashin ƙara girman rubutu da farar takarda da aka shafa wa baƙin tawada. Ka tara hasken a ɗigo guda su ga takardar ta yi hayaƙi, sa'an nan ka karkata takardar sosai ko ka matsar da ita kaɗan, su ga ɗigon ya faɗaɗa kuma ƙunar ta tsaya, alhali ranar ba ta ragu ba. Bayan haka ka hura balan-balan biyu, ɗaya iska zalla, ɗaya ka zuba masa ruwa rabin kofi kafin ka ɗaure, ka riƙe kowanne a kan harshen kyandir. Na farko zai fashe nan take, na biyu zai yi baƙi da hayaƙi a gindi ya ƙi fashewa. Ka tabbata harshen wutar yana taɓa daidai inda ruwan ya kwanta, ka ajiye roba a ƙarƙashi, kuma ka sa yaran su ja da baya kaɗan.